Ƙarin guringuntsi a cikin ƙashi: wanne za a zuba wa ido, wanne za a fiɗe?

Ɗalibin_Hoto: Assalamu alaikum manyanmu. Mace ce mai shekara 48, an yi mata MRI (hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu) saboda ciwon kafaɗa, sai ga ƙari a cikin ɓargon ƙashin damtse ta sama. Tsawonsa santimita 4, fari fat a T2 (salon hoton MRI da ruwa ke fitowa fari), curi-curi. A eksire akwai ɗigon kalsiyam masu siffar zobe da baka. Na tabbata guringuntsi ne. To me zai raba mini enkondiroma (ƙarin guringuntsi marar illa) da kondirosakoma (kansar guringuntsi) mai ƙaramin mataki?

Likita_Rediyo: Wa alaikumus salam. Fara da ɓawon ƙashi, shi ne babban mashaidi. Duba yadda ƙarin ya ci shi ta ciki. In ramin ya wuce kashi biyu cikin uku na kaurin ɓawon, musamman in ya bi tsawon ƙarin, zargi ya yi ƙarfi. CT (eksire mai nuna jiki yanka-yanka) ta fi MRI nuna wannan, kuma a yankan da ya gitta ƙashin za ka auna. Sai tsawo: abin da ya haura santimita 5 zuwa 6 ya fi ban tsoro. In ɓawon ya fashe, ko ya yi kauri, ko tsiro ya fito cikin nama, ko akwai kumburi a ɓargo da naman da ke kewaye, da wuya wannan ya zama enkondiroma a dogon ƙashi irin na damtse.

A T1 kuma (salon hoton MRI da kitse ke fitowa fari) ka nemi tsibiran kitsen ɓargo a tsakanin curin. Ganinsu na kwantar da hankali, domin mugun ƙari cinye ɓargon yake yi, ba kasafai yake barin kitse ba.

Hajiya_Likitar_Ƙashi: Ƙanena, kafin ka ɗora wa ƙarin laifin ciwon, duba jijiyoyin kafaɗar a wannan MRI ɗin. A shekarunta yagewar jijiya ta fi yawa, ƙarin kuwa tsintuwa ce kawai. Ciwon da ke damunmu shi ne na cikin dare, wanda hutu ba ya rage shi.

Wuri ma yana sauya hukunci. A yatsun hannu enkondiroma kan kumbura ƙashi ya sirantar da ɓawo har ya karye, amma lafiyayye ne. A ƙashin ƙugu, haƙarƙari ko allon kafaɗa kuwa, ƙarin guringuntsi a jikin babba mugu ne har sai an tabbatar da akasin haka. Shi ya sa rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya bar sunan ACT (wato ƙarin guringuntsi da ya saɓa wa na yau da kullum) ga ƙari mai ƙaramin mataki na hannu da ƙafa, na gangar jiki kuma ya ci gaba da kiransa kondirosakoma mataki na 1, alhali a madubin likita kamanninsu ɗaya. Mai cutar Ollier ko Maffucci, wato mai enkondiroma da yawa a jiki, haɗarinsa ya fi na kowa, ba a sakaci da shi.

Ɗalibin_Hoto: Na gode Hajiya. Me zai hana a tsakuro nama da allura a huta?

Likita_Rediyo: Nan ake yawan faɗawa rami. Ƙarin ba iri ɗaya ba ne ko'ina, allura na iya ɗebo wuri mai sauƙi ta bar mugun. Ko masu duba nama sukan saɓa wajen raba enkondiroma da kondirosakoma mai ƙaramin mataki. Sannan hanyar da allura ta bi dole a yanke ta tare da ƙarin ranar fiɗa, saboda haka likitan da zai yi aikin shi ke zaɓar ta. Kondirosakoma ba ya jin maganin cutar kansa ko gashin haske sosai, fiɗar farko ita ce damar mara lafiya.

Inda allura ke da amfani shi ne in ka ga wani sashe da bai yi fari a T2 ba, yana shan ruwan allurar hoto (ruwan da ake sa wa mara lafiya a jijiya don hoto ya fito sosai) gaba ɗaya. Can za a nufa, domin alamar rikiɗewa ce zuwa mataki mai tsanani.

Mara lafiyarka dai, in ɓawo lafiya kuma akwai kitse, a maimaita MRI bayan wata 6 zuwa 12, a auna tsawon a yanka iri ɗaya da na farko.