Wai ya cinye Tetris, ko na'ura ce ta gaji?

Na Bagalam: Jiya a fada an yi mini dariya har shayina ya huce a hannu. Laifina kawai na ce yaro ɗan shekara 13 a Amurka, Willis Gibson, ya cinye Tetris, wasan bidiyo na jera bulo, a Disamba 2023. Ku da kuke ganin jera bulo wasan yara ne: daga mataki na 29, bulo kan faɗo daga sama har ƙasa kafin ka ƙifta ido. An yi shekaru ana cewa nan ne iyakar ɗan Adam. Shi ya kai 157! Ni da babban yatsana ya yi kanta a kan ƴar na'urar batir da na saya a babbar kasuwa, na san wuyar abin.

Mai Gyaran Salula: Ƙanena, cinye fa ka ce? Wasan ne ya daskare, allo ya tsaya cak. Kullum ana kawo mini salula ta daskare, ban taɓa jin mai ita ya ce ya cinye ta ba.

Na Bagalam: Yaya, ɗan kokowa in ya sa abokin karawa ya kasa tashi, wa ake ba takobi?

Mai Gyaran Salula: Wannan kayarwa ce. Cinyewa sai abu mai ƙarshe, kamar tuwo a kwano.

Malamin Lakkwal: In ƙarshe ake nema, Michael Artiaga ne ya wuce mataki na 255 a Oktoba 2024, wasan ya koma sifili.

Na Bagalam: Malam, nasa an taɓa shi don kada ya daskare. Gibson da na asali na kamfanin Nintendo ya yi, na 1989.

Ɗan Zariya: Dukansu maguɗi ne. Na ga bidiyo, suna kife na'urar sarrafa wasan a cinya suna kaɗa bayanta da yatsu kamar mai kalangu. Haka aka ce a riƙe ta?

Malamin Lakkwal: Wa ya hana? Da yatsa ɗaya ba ka kai bulo gefe a saurin nan.

Ɗan Zariya: Malam, kai da ya kamata ka ce yaro ya koma karatu.

Malamin Lakkwal: Kar ka koya mini aikina. Kai nawa ka ci a lissafi?

Direban Dakoro: Kuna ta Amurka, Amurka. Ɗan Rasha ne ya ƙirƙiro wasan, Alexey Pajitnov, a Mosko. Shi ba mai ambatonsa.

Na Bagalam: Alhaji, wa ya yi zancen Rasha?

Mai Gyaran Salula: To, ni ne shugaban zauren nan, bari in taƙaita. Kowa ya yarda yaron ya yi ƙoƙari, amma cinyewa babu ita, na'ura ce ta gaji. Na Bagalam, ka janye kalmarka kafin magariba.

Na Bagalam: Wane kowa, Yaya? Ban janye ba.