Ranar da aka mayar da katun ɗinka mutane: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Jiya saura ƙiris mu raba hali da wani abokina a kan One Piece na Netflix. Shi ya dage an ɓata, ni kuma na ce wannan ne karon farko da Amurkawa suka taɓa anime, wato katun ɗin Japan, ba su kunyata mu ba. Shi ya sa na kawo maganar gabanku. Sharaɗi ɗaya ne: ban da ji-ta-ji-ta. Ka faɗi wanda ka zauna ka kalla da idonka, wanda ka sani tun yana zane sannan aka ɗauko 'yan wasa suka yi shi. A ina ka kalla, kai da wa, me ya faru a ɗakin?

Ni nawa Dragonball Evolution ne na 2009. A faifan nan mai tarin finafinai na samo shi, na tara ƙannena da yaran maƙwabta, na sayi mai da kuɗina aka tayar da janareto. Fim ya fara, sai ga wani saurayi Bature ɗan sakandare, ya shafe gashi da mai, 'yan ajinsu suna cin zalinsa, shi kuma ya saki baki yana kallon Chi-Chi. Wai Goku ke nan. Gokun da muka sani yaron daji ne mai wutsiya, abinci da neman wanda ya fi shi ƙarfi su ne kaɗai damuwarsa a duniya. Master Roshi, tsohon malamin Goku, kuma Chow Yun-fat aka ba, babu gemu, babu sanƙo, babu ƙoƙon kunkuru a baya. An kai wajen rabin awa ana kallo shiru, sai autanmu ya ja mini riga ya ce, "Yaya, yaushe Goku zai fito?"

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Mu nan da Faransanci muka tashi da shi, Sangoku da Tortue Géniale muke ce musu, amma takaicin iri ɗaya ne. A gidan kallo na gan shi, da aka zo wurin da yake koyon Kamehameha, harbin nan na wuta daga tafin hannu, ta hanyar kunna fitilu don ya burge yarinya, wani a bayana ya miƙe ya ce a maido mishi da kuɗinshi. Mai gidan kallon ya ce ai ba shi ya yi fim ɗin ba.

Amma ni ban yarda cewa don Justin Chatwin, wanda ya fito a Goku, Bature ne abin ya lalace ba. Ko Bajapane aka sa da wannan labarin, haka za ta kasance. Wanda ya rubuta fim ɗin, Ben Ramsey, da kanshi ya fito a 2016 ya ba masoya haƙuri. Akira Toriyama mai ƙirƙirar Dragon Ball kuma, kafin mutuwarshi a watan Maris na 2024, ya taɓa nuna cewa ya ba da shawara ba a ɗauka ba.

Mai Tura Fim:
Ku bari in ba ku daga ɓangaren shago, don ni ke ganin fuskokin mutane in sun dawo. Kwastomomina kashi biyu ne. Wanda ya san zanen, shi ne zai dawo yana huci kamar ni na ba da umarni. Wanda bai sani ba kuwa, sai ya dawo yana tambayar na biyu.

Akwai wani mai adaidaita sahu da na tura wa Death Note na Netflix, na 2017. Washegari ya faka a ƙofar shago ya ce bai taɓa ganin fim mai ma'ana irinsa ba, littafin da in ka rubuta sunan mutum zai mutu, kai! Na ce to ai akwai na asali, zane ne, kashi 37. Ya yamutsa fuska ya ce shi da girmansa ba zai kalli katun ba. Na ce ka karɓa kyauta, in bai yi maka ba ka goge. Da ya sake dawowa ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Malam, ashe waccan yaudarata ka yi." Yanzu shi ke yi wa yaran layinmu bayanin dokokin littafin.

Saboda haka ni ba na zagin waɗannan finafinan sosai, ko marasa kyan. Su ke jawo mini masu cewa zane na yara ne. Bayan fitowar One Piece a ƙarshen Agustan 2023, har magidanta masu furfura sun zo neman ci gabansa. In na ce musu zanen tun 1999 ake yinsa kuma ya haura kashi 1000, sai mutum ya dubi wayarsa ya dube ni. Ɗaya ya ce in tura masa na ƙarshen kawai ya ga ko sun samu dukiyar. Na ce Alhaji, ai mu ma jira muke.

Likitar Gobe:
Mai Tura Fim, Allah ya saka, ka ceci bawan Allah. Mu a ɗakin kwanan ɗalibai muka kalli Death Note ɗin nan, mu huɗu a kan katifa ɗaya da kwamfuta a tsakiya. Biyu daga cikinmu mun haddace zanen. Wurin da muka san an gama da mu shi ne haɗuwar Light, yaron da ya tsinci littafin, da Ryuk, aljanin mutuwa mai littafin, ta farko. Yaron ya dinga kurma ihu yana zagaye aji yana ɓuya a ƙarƙashin tebur. Ƙawata ta tsayar da fim ɗin, ta juyo ta ce, "Wannan ne zai ja da L?"

L shi ne mai binciken da ke farautar Light. Light na asali ɗalibin da ya fi kowa ƙwaƙwalwa ne a Japan, ɗan babban ɗan sanda, mai sanyin jini. Ku tuna lokacin da aka dasa masa kyamarori a ɗaki, ya ɓoye ƙaramar talabijin a cikin ledar soyayyen dankali, hannu ɗaya yana aikin makaranta, ɗayan yana kashe mutane, fuskarsa ko gezau. Daɗin labarin ke nan, mutum biyu masu kaifin basira kowa yana jiran ɗan uwansa ya yi tuntuɓe. A na Amurka an kai labarin Seattle, wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, an wayi gari L ne riƙe da bindiga yana bin Light da gudu a kan titi.

Zan yi adalci dai: muryar Willem Dafoe a Ryuk ta zauna daram, kuma LaKeith Stanfield da ya fito a L ya yi ƙoƙari a farkon fim ɗin, zamansa a tsugune da yadda yake riƙe abu da yatsu biyu. Rubutun ne ya ci amanarsa. Wanda yake son ganin yadda ake canza labari ba a kashe shi ba, ya nemi na Japan guda biyu na 2006. Ƙarshensu ya saɓa da na zanen gaba ɗaya, L ne ya rubuta sunan kansa a littafin don ya ɗana wa Light tarko, amma ba wanda ya yi ƙorafi a ɗakinmu, domin abu ne da L zai iya aikatawa.

Ɗan Kurna:
Haba Anti Likita, ai sai ki yi gargaɗi kafin ki fasa ƙwan. Akwai waɗanda ba su gani ba.

Likitar Gobe:
Fim ɗin 2006 fa, ƙanena. Wanda bai gani ba har yanzu ba niyya ya yi ba.

Kocin Takwando:
Na ga kowa kuka yake kawowa, bari in kawo na farin ciki. Rurouni Kenshin, wanda muka sani da Samurai X muna yara. Na farkon ya fito a 2012, biyu a 2014, biyu na ƙarshe a 2021, duka Keishi Otomo ne ya ba da umarni, Takeru Satoh kuma ya fito a Kenshin.

Na kalli na farkon ne da ɗalibaina bayan atisaye, muna zaune a ƙasa ko kayan ba mu cire ba. Na shiga da mugun zato, don na san yadda ake yi wa faɗan takobi a fim: a yanka hoto a kowane sara, a girgiza kyamara, kai dai ka ji ƙara ka ga mutum ya faɗi. Sai aka zo wurin da 'yan daba suka mamaye makarantar takobin Kaoru. Kenshin ya shigo, ya fara da hannu, sannan ya ɗauki takobin katako. Abin da na sa yarana suka lura da shi shi ne ƙafafunsa. Ba ya tsayawa wuri ɗaya a zagaye shi. Kullum yana gudu, jikinsa a sunkuye kusa da ƙasa, yana jan su su zo masa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa fuskantar mutum fiye da ɗaya ya san dabarar ke nan, ba wata. Kuma kyamara ta ja baya ta bar ka ka ga jikin mutum tun daga kai har ƙafa. Na dinga mayar da wurin baya har yaran suka fara gunaguni.

Wanda ya tsara faɗan, Kenji Tanigaki, ya daɗe yana aiki da Donnie Yen a Hong Kong, kuma hannunsa ya nuna. Sun rage jan gashin ya koma wanda za ka iya gani a kan mutum, sun rage kiran sunan kowane sara da ƙarfi kafin a kai shi. Amma tabon kuncin yana nan, takobin mai kaifi a baya yana nan, alwashinsa na daina kisa yana nan, kuma shi ne nauyin da ke kan kowane faɗa: yaya za ka tsayar da mai son kashe ka ba tare da ka kashe shi ba?

Ra'ayina, sa'ar Kenshin ita ce abin da yake yi jikin ɗan Adam zai iya kwatanta shi. Takobi ne da gudu a Japan ta zamanin Meiji. Wanda ke harba wuta daga tafin hannu ya rusa dutse, dole kwamfuta ta yi masa, kuma ido yana ganewa. Illar kallon dai guda: washegari wani ɗalibina ya gwada sulalewar nan ta Kenshin a kan siminti, sai da muka nemo auduga da aidin.

Usopp na Gaskiya:
Ni ne abokin da Ɗan Kurna yake gulma, gara in zo da kaina. Ban ce One Piece bai yi kyau ba, cewa na yi ba nawa ba ne. Ina hancin Usopp? Ina murɗaɗɗiyar girar Sanji? Don Krieg da Luffy, jarumin labarin, ya sha wuya a hannunsa a gidan abincin Baratie, nan Mihawk ya share shi cikin 'yan mintuna. Hachi babu shi kwata-kwata. Garp kuma, sirrin da muka yi ɗaruruwan kashi kafin mu san kakan Luffy ne, an fasa shi tun a zangon farko. Ni kaɗai na kalla da daddare a waya, kuma duk lokacin da hannun Iñaki Godoy, wanda ya fito a Luffy mai jikin roba, ya miƙe sai tsigar jikina ta tashi. A zane abin dariya ne, a fatar mutum kuwa kamar ana jan ƙullin alkaki. An ce Eiichiro Oda, mai ƙirƙirar One Piece, ya sa ido a kan aikin, na yarda, amma kashi 8 ba za su ɗauki East Blue, wato babin farko na labarin, ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanena mai hancin Usopp, ka yi haƙuri, da an manna wa yaron nan dogon hanci da kai za ka fara zagi. Ni a falo muka kalla da maigidan, wanda shekara da shekaru yake mini dariya wai uwar 'ya'ya tana kallon katun. Ya zauna ne kawai don an ce akwai faɗa. Har kashi na huɗu yana danna waya. Da aka zo labarin Zeff da Sanji a kan dutsen nan na tsakiyar teku, inda yaron ya gano tsohon ya ba shi duk abincin, shi kuma ƙafarsa ya yanke ya ci, sai na ga an kife wayar. Nan ma ku lura, sun bi littafin zanen na asali ne, domin a zanen talabijin an sassauta, aka nuna a cikin ruwa ya rasa ƙafar wajen ceton yaron.

Wurin da nake jira da fargaba shi ne na Nami, inda take caccaka wa tambarin Arlong, ɗan fashin da ya bautar da ita, wuƙa a kafaɗarta, ta juyo da hawaye ta nemi taimako, Luffy ya cire hularsa ya ɗora mata. Na ce in suka ɓata wannan na kashe talabijin. Ba su ɓata ba. Maigidan ya yi gyaran murya ya ce wai yaji ne ya shigar masa ido, alhali tuwo muka ci miyar kuɓewa.

Gargaɗi ga iyaye dai: kada ganin sunan ya sa ku zaunar da ƙanana. Akwai jini, akwai ashar, kuma Buggy da ke rarraba jikinsa ya hana Hassana barci a daren.

Ɗan Omdurman:
Mu da muka tashi a Sudan, tashar Spacetoon ce ta raine mu, Kyaftin Majid ɗan ƙwallo da Conan da Larabci. Addu'ata kada wani ya taɓa Kyaftin Majid. Filin da ake kashi guda ana gudu ba a hango raga ba, wa zai iya yin sa da mutane? Mafi kusa da na gani shi ne Shaolin Soccer na Stephen Chow, 2001, kuma ya yi daɗi ne don bai ɗauki kansa da muhimmanci ba.

Ba Levi Ba Kallo:
Attack on Titan na 2015. Na ƙona datata a kan kashi biyun, babu Levi, gwanin mayaƙan zanen, an ƙirƙiro wani Shikishima a madadinsa. Kuma Japanawa ne suka yi, kafin wani ya ce laifin Amurka ne kullum. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Kocin Takwando:
Usopp na Gaskiya, tunda Zoro bai shiga jerin ƙorafinka ba, ina zaton ya yi maka. Wanda ya fito a Zoron Mackenyu ne, ɗan Sonny Chiba. Ka nemi Rurouni Kenshin: The Final ka gan shi a Enishi, can ne aka sake shi ya yi faɗa sosai. Shishio na finafinan 2014 kuma, mai naɗe da bandeji, Tatsuya Fujiwara ne, Light na finafinan 2006 da Likita take yabo.

Usopp na Gaskiya:
To Koci, da wanne zan fara? Na ga akwai mai suna The Beginning.

Kocin Takwando:
Kada sunan ya ruɗe ka. Fara da na 2012 ka bi su yadda suka fito, wancan ka bar shi ƙarshe. In ka riga ka san yadda aka yi tabon, rabin daɗin sauran ya tafi.

Mai Tura Fim:
Duka biyar ɗin suna nan a shago. Ka zo da memori mai fili, ban da wanda ya cika da hotunan biki.