Ƙanƙarar Aktik da Antatika: za a iya dogara da lissafin kwamfuta?

Injiniya Bala: Salamu alaikum 'yan'uwa. A watan Disamba na 2009, a taron sauyin yanayi na Kopenhagen, tsohon mataimakin shugaban Amurka Al Gore ya ce wasu lissafe-lissafen kwamfuta sun nuna ƙanƙarar tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, za ta iya narkewa ƙarƙaf a lokacin zafi cikin shekara biyar zuwa bakwai. Shekarun sun zo sun wuce, ƙanƙara tana nan. Ni a ganina wannan lissafi ba abin da za a gina hukunci a kansa ba ne. Abin da ka zuba wa kwamfuta shi za ta dawo maka da shi.

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Ya faɗa, kuma bai kamata ya faɗa haka ba. Amma Injiniya, ka ɗauko maganar ɗan siyasa ka jingina wa masana. Hasashen da ya dogara da shi ba shi ne ra'ayin mafi yawansu ba. Rahoton IPCC na 2021, wato kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa ya yi ana sa ran kafin 2050 za a samu aƙalla Satumba ɗaya da ƙanƙarar za ta ragu ƙasa da murabba'in kilomita miliyan 1.

Hauwa'u: Malam, don Allah kafin a yi nisa, me kwamfutar take yi ne takamaimai?

Malam Isa: Ana raba duniya gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 100, a kuma jera su hawa-hawa tun daga sararin sama har ƙasan teku. A kowane gida sai a lissafa zafi, da tafiyar iska, da danshi, da gishirin ruwa, da kaurin ƙanƙara, bisa dokokin kimiyyar da aka riga aka tabbatar. Sai a matsa agogo 'yan mintuna a sake lissafawa, haka har a cinye shekara ɗari. Kafin a yarda da shi, sai a kunna shi daga 1850 a ga ko zai fitar da abin da aka riga aka auna. Rauninsa yana wajen abubuwan da suka fi gidan ƙanƙanta: gajimare, tsagar da ke buɗewa a tsakiyar ƙanƙara, kududdufan da ke taruwa a kanta in ta fara narkewa. Waɗannan ƙiyasta su ake yi.

Injiniya Bala: Madalla, ka faɗa da bakinka, ƙiyasi ne. To mu koma kudu. Yawancin lissafin sun ce ƙanƙarar tekun da ke kewaye da Antatika, nahiyar da ke ƙuryar kudancin duniya, za ta riƙa raguwa. Tauraron ɗan adam yana aunawa tun 1979, sai ga ta tana ƙaruwa, har a 2014 ta haura murabba'in kilomita miliyan 20, abin da ba a taɓa gani ba. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, an ce gabas abu ya yi yamma.

Sadiya: Yaya Bala, wannan gaskiya ne, kuma masanan ba su ɓoye shi ba. Daga 2016 ta faɗo, a Fabrairun 2023 ta sauka zuwa kimanin miliyan 1.8, mafi ƙaranci a tarihin aunawa. Duk da haka ba zan ce lissafin ya ci nasara ba, don har yanzu ana jayayya a kan dalilin ƙaruwar: wasu na cewa iskar tekun kudu ce, wasu na cewa ruwan da ba shi da gishiri ne da ke narkowa daga gaɓar nahiyar, wanda lissafi da yawa ba su sa shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaukar kowane kuskure a matsayin zuzutawa. A 2007 Julienne Stroeve da abokan aikinta sun kwatanta lissafi da abin da aka auna a Aktik, suka tarar ƙanƙarar tana raguwa da sauri fiye da yadda kwamfutocin suka ce. A Satumbar 2012 ta sauka zuwa miliyan 3.4, kusan rabin yadda take a shekarun 1980. A 2022 kuma masana a ƙasar Finland suka nuna tun 1979 Aktik tana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya, kuma da wuya lissafin yake kaiwa wannan adadi. A arewa kuskuren na ragewa ne, wannan shi ya fi tayar mini da hankali.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, gaibu Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Masu hasashe sukan ce gobe za a yi ruwa a wayi gari rana tsaka. Ina su ina shekara ɗari?

Malam Isa: Allah ya ƙara girma, Baba. Babu mai ja da wannan. Sai dai ba wanda zai iya ce maka za a yi ruwa ranar Alhamis ta uku a Agusta mai zuwa, amma kowane manomi ya san Agusta ta fi Janairu ruwa. Irin wannan sani na biyu suke nema, kuma da sharaɗi suke magana: in aka ci gaba da fitar da iskar kabon kaza, ga abin da zai biyo baya. Syukuro Manabe, ɗan asalin Japan da ke aiki a Amurka, ya nuna a 1975 tare da Richard Wetherald cewa in aka ninka iskar kabon, can wajen ƙanƙara ne zai fi ɗumama, domin farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana, in ta narke kuwa baƙin ruwa ya shanye shi, narkewa ta ƙaru. A 1989 shi da abokansa suka ƙara da cewa tekun kudu zai yi jinkirin ɗumama saboda yana jan zafi zuwa can ƙasa. Sun faɗi duka biyun tun kafin a gani, aka kuma gani. A 2021 aka ba shi kyautar Nobel.

Injiniya Bala: Na yarda sun san inda aka dosa. Amma mai gini adadi yake nema. A 2016 Robert DeConto da David Pollard suka ce Antatika kaɗai za ta iya ƙara wa tsayin ruwan teku sama da mita 1 zuwa 2100. A 2019 Tamsin Edwards da tawagarta suka sake lissafi suka samu ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Mai tsara katangar bakin teku a Legas da wanne zai yi aiki?

Sadiya: Nan kam ka taɓo inda ciwon yake, Yaya. Saɓaninsu a kan abu ɗaya ne: in ƙanƙarar da ke shawagi a gaɓa ta tafi, shin dogayen gangaren ƙanƙarar da ke bayanta za su riƙa ruftawa ɗaya bayan ɗaya? Ba a taɓa ganin haka a faɗin da lissafin ke nufi ba, shi ya sa idon kowa yake kan Thwaites, wani makeken kogin ƙanƙara a yammacin Antatika. Amma asarar kanta ba daga kwamfuta ta fito ba. Taurarin ɗan adam na GRACE suna auna nauyin ƙanƙara tun 2002, kuma Girinland, babban tsibirin da ƙanƙara ta lulluɓe a yankin Aktik, tana rasa kimanin tan biliyan 270 a shekara. Wannan ta kan tudu ce, ita ce ke ƙara ruwan teku, kuma in ta narke duka teku zai tashi mita 7. An kuma bar jirgin ruwan Jamus, Polarstern, ya daskare cikin ƙanƙarar Aktik daga 2019 zuwa 2020, don a auna waɗannan ƙananan abubuwa da Malam ya ce ƙiyasta su ake yi.

Injiniya Bala: Har yanzu ba ki ba ni adadin ba, ƙanwata.

Sadiya: Rahoton IPCC na 2021 ya ce in fitar da iskar kabon ya ci gaba a mataki mafi muni, teku zai tashi tsakanin santimita 63 da mita 1 zuwa 2100. Sannan ya ware maganar ruftawar daban, ya ce ba za a iya kore yiwuwar kusan mita 2 ba.

Injiniya Bala: To a kan Aktik na sauko. A kan Antatika ina nan inda nake, don tsakanin katangar mita 1 da ta mita 2 akwai kuɗin da gwamnati ba za ta fitar a kan "mai yiwuwa" ba. Malam, in kai ne mai sa hannu a takardar, wacce za ka amince da ita?