Wane irin tef ɗin awo ya kamata in saya don gyare-gyaren gida?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'a. Ni ba kafinta ba ce, amma ƙananan ayyukan gida da hannuna nake yin su: kafa ƙarfen labule, ɗaura kanta a bango, auna gurbin kabad kafin a kawo shi. Tef ɗina na ƙarfe ne mai naɗe kansa, mita 3, siriri. Abu biyu ne suka ishe ni da shi. In na miƙa shi sama zan auna bango, kafin ya kai ko'ina sai ya lanƙwashe ya faɗo, dole in nemi mai riƙe mini. Sannan ƙugiyar bakinsa tana motsi. Na ɗauka lalacewa ta yi, na sa guduma na daddake ƙusoshinta har ta tsaya cak. Makon jiya na auna cikin kabad, na yanka falanki uku, duka suka gaza da kusan milimita 4. Abin ya ɓata mini rai matuƙa, don katakon mai kyau ne. Yanzu sabo zan saya. Mita nawa ya dace, kuma me zan duba?

Tsohon_Kafinta:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da ƙugiyar, don a nan ɓarnar ta soma. Lafiyarta ƙalau, da gangan aka ƙera ta tana motsi, kuma motsin daidai yake da kaurinta, wajen milimita ɗaya. In kin maƙala ta a bakin katako kin ja, sai ta zamo waje, awo ya fara daga cikinta. In kin tokare ta da bango, sai ta koma ciki, awo ya fara daga bayanta. Da kika dake ta, ɗaya daga cikin awon biyu ya tashi daga gaskiya. Ke kuwa duka biyun kika yi a aiki ɗaya: kin tokare a cikin kabad, kin maƙala a kan falanki.

Amma wannan milimita ɗaya kawai zai ci miki. Sauran, ina kyautata zaton lanƙwasa tef ɗin kika yi a kusurwa kika kintaci lamba. Kada ki ƙara. Juya gidan tef ɗin, galibi za ki ga an rubuta tsawonsa a jiki. Ki tokare ƙugiya a gefe ɗaya, bayan gidan a ɗaya gefen, ki karanta lambar da ke bakin gidan, ki ƙara da wannan tsawon. Ni abin da na fi yarda da shi ma, in auna santimita 10 daga kusurwa ɗaya in sa alama da fensir, in auno daga ɗaya kusurwar zuwa alamar, in haɗa.

Batun saye, ki nemi mita 5 mai faɗin milimita 25, in ya yi wa hannunki nauyi ki ɗauki mai 19. Faɗin ne ke hana shi faɗuwa. Kin lura tef ɗin a ƙwarye yake kamar indararo? Wannan ƙwaryewar ce ƙarfinsa, kuma mai faɗi ya fi riƙe ta. Mai 25 na kirki yakan miƙe wajen mita 2 a iska, ke kaɗai sai ki kai silin. Kafin ki biya ki zaro shi ki gwada, ki danna birkinsa ki ga ko yana riƙewa ba ya zamewa.

Mai_Walda:
Baba kafinta ya gama magana, sai dai ni a wajen tsawo na saɓa da shi. Mita 8 nake ɗauka. Ranar da za ta auna falo daga kusurwa zuwa kusurwa don ganin ko ɗakin a miƙe yake, mita 5 zai iya gazawa, kuma haɗa awo biyu ƙofar kuskure ce. Ina kuma son mai maganaɗisu a baki.

Tsohon_Kafinta:
Kai ƙarfe kake aunawa, ɗana, maganaɗisu abokin aikinka ne. Ita katako da bango ne nata, ba abin da zai kama sai garin ƙarfe da ƙananan ƙusoshi, su taru a bakin ƙugiya su ɓata awo. Mita 8 kuma ya yi nauyi ga mai hawa tsani da labule a kafaɗa.

Malamar_Lissafi:
Ƙari kaɗan, Maman Biyu. Ki duba farkon tef ɗin, kusa da ƙugiya. A kan masu bin ƙa'idar Turai za ki ga I ko II ko III a cikin ɗan zagaye, wato ajin daidaitonsa. Aji na II kuskuren da aka yarda masa bai wuce milimita 2.3 a mita 10 ba, a mita 5 kuwa 1.3. Aji na I ya fi shi, 1.1 a mita 10, amma aikin gida bai bukaci haka ba. Ki ɗauki II.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutun. Wasu an cunkusa inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya, ido ya rasa inda zai tsaya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka mai juya lissafi a ka tsakanin su biyun yana tare da kuskure. Ki zaɓi ma'aunin da kika saba da shi, lambobi manya, ki tsaya a kansa. Kuma tef ɗin da kika auna gurbi da shi, da shi za ki auna katakon da za a yanka, ko da wani ne zai yanka miki.

Mai_Walda:
Na manta abu uku. Kada ki saki tef ɗin ya koma da gudu, ƙugiyar na dukan gidan, ramukan ƙusoshinta su buɗe, gefensa kuma yana yanka yatsa. Ki tare shi ya shiga a hankali. In ya jiƙe ki goge kafin ki naɗe, saboda tsatsa. Kuma ƙarfe ne, wuta na bin sa, ki nisanta shi da soket da wayar da ba a rufe ba.

Maman_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na duba gidan tsohon, ga lambar nan a ƙasansa, shekara da shekaru ban san amfaninta ba. Na sake auna kabad ɗin da dabarar santimita 10, bambancin ya fito kusan yadda ka faɗa. Zan ɗauki mita 5, aji na II, mai santimita zalla. Faɗin kuwa sai na riƙe 19 da 25 a hannu na ji. Falankan nan uku zan rage su in yi ƙaramar kanta a bayan ƙofa.