Neman kalmar Hausa: cabaret da Latin jazz, kafin shirin gobe

Mai_Fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe za a naɗi shirin al'adu na rediyo, akwai labarin wata mawaƙiya da ta yi cabaret da kiɗan Latin jazz a New York, ita ke tsara waƙoƙinta kuma ita ke rerawa. Me zan ce da Hausa? A taimaka kafin isha'i.

Malam_Nahawu: Wa alaikumus salam. Na ƙarshen, wato mai tsara waƙa da rerawa, ba ya buƙatar ƙirƙirar kalma. A wurinmu mawaƙi shi ke tsara waƙarsa, haka Shata da Ɗanƙwairo suka yi. Ki ce "mawaƙiya mai rera waƙoƙin kanta". Cabaret kuwa a hausantar: kabare.

Ɗan_Garwa: Malam, a yi hattara. A arewacin Kamaru da Cadi, kabare gidan da ake sayar da giyar gargajiya, bilbil, ne. Masu saurare a nan za su ɗauka a gidan burkutu ta yi waƙa.

Makaɗi: Gidan gala ma kada a kawo, ba shi ba ne. Cabaret ƙaramin ɗaki ne, mutane na zaune a tebura ana ci ana sha, mawaƙi na daf da su, sau da yawa da mai fiyano kaɗai ko makaɗa biyu zuwa uku. Tsakanin waƙa da waƙa yana yi musu hira, hirar kuma cikin wasan take. A Faris aka san shi tun 1881, da aka buɗe gidan cabaret mai suna Le Chat Noir a unguwar Montmartre.

Malam_Nahawu: To ga ta: waƙar zaure. Kusanci, hira, ƙaramin taro, duk zaure ya ɗauke su.

Hajiya_Edita: Ranka ya daɗe, zaure wurin karatu ne da karɓar baƙi, babu tikiti babu abin sha. Mai saurare zai ga almajirai a zuciyarsa.

Malam_Nahawu: Hajiya, Faransawa ma daga sunan mashaya suka faɗaɗa tasu. Su an yarje musu, mu ne kullum sai mun ara? "Jaz" ɗin nan ma ban yarda da ita ba.

Hajiya_Edita: Mun ari rediyo, mun ari littafi, Hausa ba ta rage daraja ba.

Makaɗi: A bar jaz, suna ne. Matsalar tana ga "Latin". Kada a ce jaz ɗin Kudancin Amurka, don jijiyarsa daga Kyuba take, tsibiri a Karibiyan, kuma a New York makaɗa Mario Bauzá da Machito suka haɗa shi da jaz wajen 1943, sannan Dizzy Gillespie da Chano Pozo a 1947. Abin da ya bambanta shi karin da ake kira kilabe: sanduna biyu, bugu biyar, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. Mawaƙiya ta shiga ta ɓangaren da ba shi ba, sai muryarta ta yi karo da ganguna. In kuma salon Brazil take yi, bosa noba, karin daban ne, sai ki duba labarin.

Mai_Fassara: Na duba, akwai kwanga, gangar Kyuba, don haka salon na Kyuba ne. Zan ce "kiɗan jaz na Latin Amurka, salon Kyuba", sai "zaman waƙa da hira a ƙaramin gidan shaƙatawa".

Malam_Nahawu: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Ya isa shirin gobe. Amma waƙar zaure ban janye ta ba, a sa ta cikin waɗanda za mu sake dubawa.