Muhawara: Ƙara yawan sauyin gado alheri ne ga ƙuda ko musiba?

Ɗalibin Aji Huɗu: Assalamu alaikum. Ga matsayata kan ƙudan 'ya'yan itace, wannan ɗan ƙaramin mai jan ido da ke taruwa kan ruɓaɓɓiyar ayaba: idan aka ƙara yawan sauyin da ke aukuwa a ƙwayoyin gadonsa, zuriyarsa za ta fi ƙarfi. Sauyin gado shi ne tushen duk wani bambanci tsakanin ƙuda da ɗan'uwansa, kuma da bambancin ne halitta ke sabawa da sabon yanayi. Mai iri goma a rumbu ya fi mai iri ɗaya kwanciyar hankali idan damina ta saɓa. Wanda bai yarda ba, ya kawo hujja.

Malamin Bayoloji: Wa alaikumus salam. Ɗana, hujjar ta girme mu duka. A 1927 Hermann Muller, yana Jami'ar Tekzas a Amurka, ya haska wa ƙudajen nan hasken eksire, sauyin gado ya ninka kusan sau 150. Me ya ƙirga? Sauye-sauye masu kisa. Dabararsa ita ce ya bi kuromozom X, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado: idan an samu sauyi mai kisa a kansa, duk mazan da suka gaje shi cikin jikokin ƙudan da aka haska ba sa ƙyanƙyashewa, sai ka duba kwalba ka tarar da mata zalla. Aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1946 ke nan. Bambanci ya ƙaru, ban musa ba. Amma yawancinsa gawa ce da nakasa.

Ɗalibin Aji Huɗu: Allah ya gafarta Malam, ai Muller masu kisar ya je nema, dole su ya gani. Tarkonsa ba ya kama sauyi mai amfani.

Mai Digiri na Biyu: A nan ƙanena yana da gaskiya, Malam, kuma akwai gwajin da ke bayansa. A 1966 Francisco Ayala ya wallafa aikinsa kan jinsi biyu na ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila serrata da Drosophila birchii. Ya haska wa wasu rukunai, ya bar wasu, duka a kwalabe masu abinci ƙayyadadde. Da farko waɗanda aka haska suka ragu. Da zuriya ta yi ta juyawa sai suka farfaɗo, har yawansu ya zarce na waɗanda ba a taɓa ba. Kafin shi ma, a 1958 Bruce Wallace ya ce ƙudajen da ke ɗauke da kuromozom ɗaya haskakke da ɗaya lafiyayye sun ɗan fi rayuwa.

Malamin Bayoloji: Na Wallace kam a ajiye shi gefe, 'yata. Muller da Raphael Falk sun bi sawunsa a 1961, ba su ga wannan fifikon ba. Na Ayala kuwa na karɓa, amma ki sake karanta jimlarki: "da farko suka ragu". Su wa suka ragu? Waɗanda suka gaji mugun sauyi ne suka mutu, ko suka kasa haihuwa. Tankaɗe aka yi, aka zubar da dusa mai yawa kafin a samu ɗan gari. Ƙuda zai iya biyan wannan kuɗin, domin mace ɗaya tana saka ɗaruruwan ƙwai, kuma cikin kwana 10 sabuwar zuriya ta taso idan akwai ɗumi. Sannan kwalba sabon muhalli ce gare su. Wanda bai saba da wuri ba yana da inda zai gyaru. Wanda ya riga ya dace da muhallinsa, kusan duk inda ka taɓa shi ɓata shi za ka yi.

Mai Gonar Mangwaro: Ku yi mini uzuri, ni ba ɗan boko ba ne sosai. Abin da na sani shi ne maganin feshin da ke kashe ƙwari bana, bayan 'yan shekaru sai ya zama kamar ruwa ka watsa musu. Wannan ba sauyi mai amfani ba ne a wurinsu?

Mai Digiri na Biyu: Shi ne, Baba. A ƙudan 'ya'yan itacen ma an gano shi a 2002: wani ɗan guntun gado mai yawo ya sauka kusa da ƙwayar gadon da ake kira Cyp6g1, ya sa ta aiki fiye da da, jikin ƙudan ya riƙa narkar da gubar maganin feshin da ake kira DDT. Wannan sauyin ya bazu a ƙudajen duniya.

Ɗalibin Aji Huɗu: Shi ke nan ai, Yaya ta yanke hukunci!

Mai Digiri na Biyu: Ban yanke ba, dakata. Babu wanda ya ƙara wa waɗannan ƙudajen yawan sauyi. Adadinsu a duniya ya kai inda ko abin da ke faruwa jefi-jefi sai ya faru a jikin wani. Kuma abin da ya fi damuna da matsayarka shi ne ka ɗauka kamar ƙuda na fama da ƙarancin bambanci. A 1966 Lewontin da Hubby suka auna sunadaran wani jinsin ƙudan na daji, Drosophila pseudoobscura, suka tarar kusan kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da suka duba suna da siga fiye da ɗaya. Rumbun a cike yake tun kafin ka zo da eksire.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Bari in sa baki, tunda kullum hannuna na cikin kwalaben nan. Ba ma sai an haska komai ba. Terumi Mukai a Japan, a 1964, ya riƙa ɗaukar namiji ɗaya tak a kowace zuriya yana ci gaba da layi, ta yadda tankaɗen da Malam ya ambata ba zai yi aiki ba. Sauye-sauyen da ke zuwa da kansu suka yi ta taruwa kan kuromozom na biyu. Abu biyu suka faru tare: layukan suka ƙara bambanta da juna, matsakaicin rayuwarsu kuma ya yi ta sauka. An yi ta jayayya daga baya kan girman saukar, wasu sun samu ƙasa da nasa, amma ƙasa dai ta nufa. Wannan ne ya sa nake ganin kalmar "bambanci" ke rikita mu. Bambanci na iya ƙaruwa alhali kowa na ƙara lalacewa, wani dai ya fi wani.

Masu ban tsoron ma ba masu kisa nan take ba ne, su ai suna fita tare da gawar. Ƙananan ne, masu rage ƙarfi kaɗan-kaɗan, waɗanda ke ɓuya a bayan lafiyayyen kuromozom suna bin zuriya. A ƙaramin rukuni, inda dangi ke auren dangi, sai su haɗu biyu-biyu su bayyana.

Ɗalibin Aji Huɗu: To na sassauta. Amma ba zan janye duka ba, domin na Ayala ya faru, ba mafarki ba ne. A babban rukuni, cikin sabon muhalli, ƙarin sauyi na iya taimakawa.

Malamin Bayoloji: Da waɗannan sharuɗɗan mun kusa haɗuwa. Ƙara na uku: a daina haskawar. Idan aka ci gaba kuma aka ƙara ƙarfi, ka je ka tambayi tsibirin Unguja na Zanzibar. Can aka riƙa sakin mazan ƙudan tsando da aka haska wa tururin gama, wani haske mai ƙarfi dangin eksire, suna barbarar matan daji, 'ya'yan na mutuwa tun a ciki saboda karyewar kuromozom. Zuwa 1997 an tabbatar babu sauran ƙudan tsando a tsibirin.

Mai Gonar Mangwaro: Malam, wannan ta Unguja ita ta fi shiga kunnena. Ƙudan da ke huda mini mangwaro ya sa tsutsa, shi ma ana iya yi masa haka?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Shi wani dangi ne daban, Baba, ya fi na kwalabenmu girma, amma ana yi. A Meziko da Gwatemala akwai masana'antun da ke kiwon danginsa, su haska mazan, a sake su daga jirgin sama a kan gonaki. Sai dai aiki ne na yanki guda gaba ɗaya, domin idan gonarka kaɗai aka yi wa, na maƙwabta za su shigo.