Wai yara su yi wa yara shari'a?

Baban Walid: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Ɗan ƙanwata, shekararsa 14, ya haura soron maƙwabci ya ɗauke tattabaru biyu ya sayar. Laifi ne, ban ce ba laifi ba ne. Amma mai tattabarun bai nemi uban yaro ba, bai nemi mai unguwa ba, sai ƙara. Aka kulle yaron ɗaki ɗaya da ƙarti. Abin da muka kashe kafin a sako shi ya isa a sayi tattabarun layin gaba ɗaya. Ya dawo mana da ƙwarƙwata a kai da sunayen ƙwayoyin da ni da furfurata ban taɓa ji ba, har yana wani taƙama wai ya yi abokai a ciki.

Shi ya sa nake cewa gwamnati ta ware kuɗi a buɗe kotun yara wadda yara 'yan uwansu za su riƙa zama a kai. A Amurka akwai irinta sama da dubu. Galibi ƙananan laifuka ake kai musu, kuma na farko. A mafi yawansu sai yaro ya amsa laifinsa, iyayensa sun yarda, sannan sa'anninsa su zauna su saurare shi, babba yana gefe yana sa ido. Ba sa ɗaure kowa. Hukuncinsu biyan abin da aka ɓata, wasiƙar ban haƙuri, aikin gayya, wani lokaci shi ma a sa shi ya zauna cikin masu sauraron shari'ar wani. In ya cika, ba a rubuta masa tambarin mai laifi. Kuɗin nawa ne? Albashin mai kula, horo, da ajin makaranta ɗaya bayan an tashi. In aka bar wa ƙungiyoyin agaji, ranar da tallafi ya yanke ranar za ta mutu.

Ɗan Kurna: Yara? Yaya, ka ce yara? Wanda ya tare ni a adaidaita sahu bayan magariba, ya ɗora min ɗanbida a haƙarƙari ya karɓe waya, ko gemu bai fara ba. Shi ma yaro ne ko? Sai ya rubuto min wasiƙa?

Baban Walid: Ƙanena, na ce ƙananan laifuka. Fashi da makami ba ya ciki.

Ɗan Kurna: Ai daga tattabarar ake farawa.

Maman Hanan: Wallahi kalmar nan ta "yara" ita ta kashe mu a garin nan. Ka kama shi hannu dumu-dumu, uwar ta fito da mayafi a hannu tana "ai yaro ne". Ranar kamfen ba yaro ba ne, ranar kilisa ba yaro ba ne, sai ranar da aka kama shi.

Malam Na Soro: A shari'a ba a auna yaro da takardar haihuwa. Balaga ake dubawa. In alamominta sun bayyana, alƙalami ya hau kansa ko shekararsa 13. In ba su bayyana ba, mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne a jira 18, Shafi'iyya suka ce 15. Sannan ina tambaya: wa ya halatta wa wanda bai balaga ba ya zama alƙali? Balaga da hankali da adalci da ilimi duk sharuɗɗa ne. Shaidarsa ma sai a wurare ƙalilan ake karɓa, balle hukunci.

Barista: Allah ya gafarta Malam, abin da ya kawo ba alƙalanci ba ne a ma'anar da kake nufi, domin ba sa binciken ko ya aikata ko bai aikata ba. Ya riga ya amsa. Ya fi kusa da sulhu. Batun shekaru kuma, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, Kano kuma ta sa hannu a tata dokar kare yaran a 2023. Ko tsohon kundin Penal Code ya ce ɗan ƙasa da shekara 7 ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya yi.

Malam Na Soro: To ka ga, dokokin naku ma ba su daidaita a kan waye yaro ba.

Barista: Mazhabobin ma yanzu ka ce 18 da 15, Malam.

Malam Na Soro: Kada ka haɗa saɓanin malamai da ruɗanin 'yan majalisa, Barista. Ka iya bakinka.

Tela Mai Zare: Ni dai a shagona yaro shi ne wanda bai iya yanka ba, ko da 'ya'yansa uku. 😂

Maman Hanan: Baba Tela ana maganar rai kana wasa.

Anti Malama: Ku bari in faɗi abin da na gani da idona, tunda ni a aji nake wuni. Mun taɓa ba shugabannin ɗalibai damar hukunta 'yan makara. Kafin zango ya ƙare an fara sayen afuwa da awara da ƙulli-ƙulli. Ɗan ajin da ya fi ƙarfi ba a rubuta sunansa. Amma kuma, don Allah, na ga yarinyar da bulalata ba ta taɓa sa ta kuka ba, ranar da ƙawayenta suka zaunar da ita suka ce ta ba su kunya, sai da ta kasa ɗaga kai. Abin yana aiki, in akwai babba mai tsoron Allah a kai. Matsalar ita ce samun babban.

Ɗan Kurna: Anti, yarinyar makaranta daban, ɗan daba daban. Ki haɗa ɗan wata unguwa ya yanke wa ɗan wata unguwa hukunci, ki ga in ba a tare shi a lungu da daddare ba. Musamman 'yan cikin gari, su da gaba ta gado.

Sarkin Samarin Layi: Dakata malam. Me ya kawo cikin gari? Kullum sai ku ɗora wa cikin badala. Je ka ji inda ake ƙwacen waya yanzu, Kurna ce ko Yakasai?

Ɗan Kurna: Daga ina aka koyo? Mu baƙi muka gani.

Sarkin Samarin Layi: Baƙi? Ku da kuka zo jiya kuka yanka gonaki kuka yi gidaje ba layi ba kwata?

Shugaban Zaure: A daina kiran sunan unguwanni. Gargaɗi na farko.

Jar Hula Har Abada: Duk wannan surutu ne. Wa ya buɗe makarantun koyon sana'a a jihar nan? Wa ya kai 'ya'yan talakawa karatu waje? Da an riƙe abin da aka fara, da yaran nan suna bakin aiki.

Alhaji Na Kwari: To ga shi an fara. Ɗana, kowane ɓangare yana da yaransa, kowa ya san wa ke raba ɗari biyar-biyar a bayan mota ranar taro. Kada ka sa in yi magana.

Jar Hula Har Abada: Yi mana Alhaji, wa ya riƙe bakinka?

Alhaji Na Kwari: Ni abin da ya dame ni kuɗin. A ware, a naɗa kwamiti, a sayi motoci, a buga riguna masu hoto, shi ke nan. Muna da masu unguwanni da dagatai, muna da Hisbah tun 2003 tana sulhu kullum, ga zaurukan sulhu, ga gidan ajiye yara a Goron Dutse. A gyara waɗannan mana. Mai unguwarmu da aljihunsa yake sayen tabarmar da ake zama a kai.

Barista: Nan kam Alhaji ya taɓo wani abu. Gidajen horon matasa na tarayya ma sai ka je Kaduna ko Ilorin ko Abeokuta. Amma kuɗin ciyar da yaro a tsare ai shi ma kuɗin gwamnati ne, ba wanda ke ƙorafi a kansa.

Maman Hanan: Ka sake cewa yaro.

Barista: Hajiya me zan ce masa? Dattijo?

Maman Hanan: Ka ce ɓarawo.

Baban Walid: Hajiya, ɗan ƙanwata kike kira ɓarawo a gabana? Da naki ne fa?

Maman Hanan: Nawa ba ya hawa soron mutane, alhamdu lillahi. Kai ka kawo zancensa zaure, ba ni ba.

Baban Walid: Na gode. Ba wanda ya amsa tambayata ko ɗaya. A ware kuɗin ko kada a ware?

Tela Mai Zare: Tsakani da Allah, tattabarun wane iri ne? In masu tsada ne fa mai su yana da gaskiya.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Baban Walid ya kawo shawarar a shigo da tsarin Turawa inda yara za su zama alƙalai. Malam ya yi bayani gamsasshe cewa hakan bai halatta ba. Barista ya kawo wasu dokoki. Anti Malama ta tabbatar da cewa an gwada a makaranta abin ya koma cin hanci. Mafi rinjaye sun tafi a kan cewa waɗannan ba yara ba ne, kuma in gwamnati na da kuɗi, 'yan sintirin unguwa ya kamata ta ƙarfafa da fitilu da takalma da ɗan alawus.

Anti Malama: Shugaba, rabin maganata ka ɗauka. Kuma wa ya ambaci sintiri a nan?

Baban Walid: Shi ne ma'ajin kwamitin sintirin, Anti.

Shugaban Zaure: An rufe wannan batu. Waɗanda ba su biya kuɗin sintiri na watan nan ba su same ni bayan sallar isha'i gobe a ƙofar masallaci.